Ciwon Dasashi, Ciwon Gindin Dashen Haƙori da Kumburin Jiki: Inda Hujja Ta Kai da Inda Ta Tsaya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba dangantakar da ke tsakanin ciwon dasashi mai cin ƙashi, da ciwon da ke kama nama da ƙashin da ke riƙe da haƙorin dashe, da kuma kumburin da ke bin jini ya game jiki. Matsayinta shi ne hujjojin da ke hannu ba nauyinsu ɗaya ba, kuma zuba su a kwando guda shi ya sa wasu ke zuzuta batun, wasu kuma ke yin watsi da shi. An tabbatar ciwon dasashi yana ɗaga alamomin kumburi a jini, an kuma nuna maganinsa yana sauke sukarin jinin masu ciwon suga, amma ba a nuna yana hana bugun zuciya ba. Maƙalar ta kafa hujja cewa abin da ya tabbata ɗin ya isa a sauya yadda ake kula da masu ciwon suga, da yadda ake shirya mutum kafin dashe da bibiyarsa bayan dashe.

Gabatarwa

A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 kan lafiyar baki, an ƙiyasta mutum kusan biliyan 3.5 suna fama da wata cuta ta baki, kuma ciwon dasashi mai tsanani shi kaɗai ya kama wajen kashi 19 cikin 100 na manya, wato sama da mutum biliyan ɗaya. Cuta ce da ba ta cika zuwa da zafi ba, shi ya sa ake zama da ita shekara da shekaru. Mutum zai ga jini a aswakinsa ko buroshinsa kowace safiya ya ɗauka ƙarfin goga ne, sai ranar da haƙori ya fara girgiɗa sannan ya nemi asibiti, a lokacin ƙashi ya riga ya tafi. Tsarin koyar da aikin lafiya ma ya taimaka wa wannan sakaci, domin ya ware baki daga sauran jiki: likitan haƙori makarantarsa daban, asibitinsa daban, katin majiyyacinsa daban. Likitan da ke kula da mai ciwon suga zai duba ƙafarsa, ya tura shi awon ido da na ƙoda, amma da wuya ya ce masa ya buɗe baki. Tambayar da na sa a gaba ita ce ko akwai hujjar da ta isa a rushe wannan katanga, kuma idan akwai, har ina ta kai.

Yadda gyambon baki ke isa jini

A 1965 Harald Löe da abokan aikinsa a Denmak suka sa wasu masu lafiyayyen dasashi su daina goge baki. Cikin mako biyu zuwa uku dauɗa ta taru, dasashi ya kumbura, da suka koma goga kuma ya warke cikin kwanaki. Wannan matakin farko ne, kuma mai juyawa ne. A wasu mutanen, ba kowa ba, kumburin yakan wuce nan ya gangara ƙasa, ya tsinke zaruruwan da suka ɗaure saiwar haƙori da ƙashin muƙamuƙi, ya buɗe rami tsakanin haƙori da dasashi inda iska ba ta shiga, inda kuma bakteriya masu gudun iska suke jin daɗin zama. Sigmund Socransky ya ware uku daga cikinsu a 1998 a matsayin waɗanda suka fi tafiya da tsananin cutar: Porphyromonas gingivalis da Tannerella forsythia da Treponema denticola. Sai dai abin da bincike ya ƙara fitarwa daga baya, musamman aikin George Hajishengallis, shi ne ba bakteriyar ce ke cinye ƙashin da kanta ba. Tana rikita garkuwar jiki ne, garkuwar ta yi ta yaƙi ba ƙaƙƙautawa, kuma wannan yaƙin ne ke narkar da ƙashi. Ke nan cutar tun asalinta cuta ce ta kumburi, kuma a nan dangantakarta da sauran jiki ta faro.

Fatar da ta shimfiɗe cikin wannan rami a saɓule take, gyambo ce. Philippe Hujoel ya ƙiyasta a 2001 cewa idan aka haɗa faɗin wannan fata a bakin mai ciwon, zai kai santimita 8 zuwa 20 murabba'i. Da gyambo mai wannan girma yana ƙafar mai ciwon suga, yana zubar da jini yana tara mugunya tsawon shekara goma, babu likitan da zai kau da kai. Ta wannan kafa bakteriya ke faɗawa jini, ba sai lokacin cire haƙori ba, har ma lokacin tauna da goge baki, kuma an samo ƙwayoyin halittar bakteriyar baki a cikin kitsen da ya toshe jijiyoyin wuya, a 2005 ma wani bincike ya samo wasu da ransu. Banda bakteriyar, akwai sinadaran da garkuwar jiki ke fitarwa a wurin yaƙin, irin su IL-1 da IL-6 da TNF. Suna bin jini su isa hanta, hanta ta ƙara fitar da sinadarin CRP, wanda shi ne ma'aunin kumburi da asibitoci suka fi amfani da shi. Wani nazari da ya tattara bincike da dama a 2008 ya gano CRP na masu ciwon dasashi ya ɗara na sauran mutane da kimanin miligiram 1.5 a kowace lita. Ba tsalle ne mai girma ba, amma yana faɗawa daidai cikin zangon da likitocin zuciya ke kallo. A 2022 kuma wani aiki da aka buga a mujallar Cell ya nuna, a jikin ɓeraye, cewa ciwon dasashi yana sauya ƙwayoyin asali da ke cikin ɓargo, su riƙa haifar da fararen ƙwayoyin jini masu saurin fushi, har ɓeran da aka dasa wa wannan ɓargo ya fi shan wahalar amosanin gaɓɓai. Idan hakan ya tabbata a jikin mutum, to tasirin ciwon yana iya wanzuwa bayan an magance bakin.

Darasin da ya kamata ya sa a yi hattara

Wajibi ne duk mai magana a wannan fage ya tuna cewa an taɓa hawa wannan doki, kuma ya kayar da mahayansa. A 1900 wani likitan Ingila, William Hunter, ya ɗora laifin cututtuka masu yawa a kan ruɓar baki, a 1912 kuma Frank Billings na Shikago ya faɗaɗa ra'ayin cewa wani ɗan gurbi mai ciwo a jiki shi ke aika cuta zuwa gaɓoɓi masu nisa. Abin da ya biyo baya shi ne cire haƙora barkatai, masu ciwo da masu lafiya, don maganin amosanin gaɓɓai da ciwon ƙoda da ciwon ciki. Henry Cotton, shugaban asibitin masu taɓin hankali na Trenton a Amurka, ya cire wa majiyyatansa dubban haƙora da sunan maganin hauka. Sai a 1938 Cecil da Angevine suka bibiyi masu amosanin gaɓɓai 200 suka ga cire haƙora da ƙululun maƙogwaro bai amfane su da komai ba. Mutanen da suka rasa haƙoransu a wancan zamani ba su dawo da su ba. Kuskuren kuwa ba rashin dabara ba ne, domin hanyar da aka zayyana mai yiwuwa ce a ilmin halitta. Kuskuren shi ne an tsallaka daga abin da zai yiwu zuwa aikin tiyata ba tare da gwaji ba. Da wannan ma'auni ya kamata a auna duk abin da ke tafe.

Zuciya, ciki da ƙwaƙwalwa

Batun ya sake tashi a 1989, lokacin da Kimmo Mattila a Finlan ya ga masu bugun zuciya sun fi takwarorinsu lalacewar baki. A 1993 wani bincike a Amurka da ya bibiyi mutum kusan 10,000 ya ga masu ciwon dasashi sun ɗara da kashi 25 cikin 100 wajen haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya. Masu suka sun amsa nan take, kuma sukarsu tana da ƙarfi. Taba sigari tana lalata dasashi, tana lalata zuciya. Talauci, tsufa, ƙiba da ciwon suga duk haka suke. To ina aka san ba wani sababi na uku ne ke jan abubuwan biyu tare ba? Hujoel ya sake duba waɗannan alƙaluma na Amurka a 2000, ya yi lissafin taba da kyau, sai dangantakar ta yi rauni ƙwarai. Bayan shekara guda ya nuna cewa waɗanda aka cire wa haƙora kakaf, waɗanda ke nan babu sauran ramin dasashi a bakinsu, haɗarin zuciyarsu bai sauka ba. Wannan suka ba a gama amsa ta ba, kuma matsayin da Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta ɗauka a 2012 yana nan daram: akwai dangantaka wadda sanannun sabubba ba su share ta duka ba, amma babu hujjar cewa ciwon dasashi ne ke haddasa toshewar jijiyoyi, ko maganinsa yana hana ta.

Duk da haka ba daidai ba ne a ce babu komai. A 2007 Maurizio Tonetti da abokan aikinsa a Landan suka raba mutum 120 masu tsananin ciwon dasashi gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka yi wa kashi ɗaya cikakken magani, ɗaya kashin aka yi masa wankin sama. Kwana ɗaya bayan aikin, kumburi ya ƙaru a jinin waɗanda aka yi wa cikakken magani, jijiyoyin hannunsu suka rage buɗewa. Bayan wata shida kuwa jijiyoyinsu sun fi na ɗaya kashin buɗewa nesa ba kusa ba. Sakamakon nan biyu duk suna da amfani: na farko yana gargaɗin a bi a hankali da mai raunin zuciya, kada a kankare masa baki duka a zama ɗaya ba tare da shawara ba, na biyu kuma yana nuna abin da aka yi a baki ya isa jijiyar hannu. A 2019 wani gwaji a kan masu hawan jini 101 ya samu bambancin kusan maki 11 a awon jini na sama bayan wata biyu, gwajin ƙarami ne kuma gajere, amma alƙiblarsa ɗaya da na Landan. A gefe guda kuma gwajin CANTOS na 2017, mai mutum sama da 10,000, ya nuna toshe sinadarin IL-1 da magani yana rage maimaituwar bugun zuciya ba tare da an taɓa kitsen jini ba. Wato kumburi shi kansa sababi ne. Abin da ya rage shi ne mahaɗi na ƙarshe, babban gwajin da zai ƙirga bugun zuciya da mutuwa bayan maganin dasashi, kuma yin sa da wuya, domin sai an bar dubban mutane da ciwonsu shekaru ba magani, abin da ɗa'ar aikin likita ba za ta yarda da shi ba.

Wurare biyu sun nuna abin da ke faruwa idan aka kai irin wannan zato ga gwaji. A 1996 Steven Offenbacher ya danganta ciwon dasashin mai ciki da haihuwar bakwaini, duniya ta ɗauka. A 2006 aka gwada a kan mata 823 a Amurka: dasashinsu ya gyaru, an tabbatar maganin ba ya cutar da ciki, amma yawan bakwaini bai ragu ba. Haka a 2019 aka ba da rahoton samun gubar Porphyromonas gingivalis a ƙwaƙwalwar masu cutar mantuwa ta Alzheimer, aka haɗa maganin toshe gubar, gwajinsa a kan mutum sama da 600 ya ƙare a 2021 bai cim ma burinsa ba. Duk wanda ke gaya wa jama'a cewa wankin haƙori yana hana bakwaini ko mantuwa ya wuce gona da iri.

Ciwon suga, inda hujja ta fi nauyi

A nan labarin ya sha bamban. Tun 1993 Löe ya kira ciwon dasashi matsala ta shida cikin matsalolin da ciwon suga ke haifarwa, kuma hanyar a fili take: sukari mai yawa yana manne wa sunadaran jiki, yana sa fararen ƙwayoyin jini wuce iyaka wajen fitar da sinadaran kumburi, yana jinkirta warkewar rauni. Abin da ya fi jan hankali shi ne hanyar tana komawa ta baya. Sinadaran TNF da IL-6 suna toshe saƙon insulin a cikin tsoka da hanta, don haka duk wani gurbi da ke zuba su a jini yana ƙara wa jiki taurin kai ga insulin. An ga haka a al'ummar Pima ta Arizona, waɗanda ciwon suga ya yi wa katutu kuma aka bibiye su shekaru masu yawa. Masu tsananin ciwon dasashi a cikinsu sun fi fuskantar lalacewar awon suga daga baya, kuma a rahoton 2005 mutuwarsu ta dalilin zuciya da ƙoda ta ninka ta sauran sau uku da ɗoriya, bayan an yi lissafin shekaru da taba da hawan jini da sauransu.

Wannan duka sa ido ne, sukar sababi na uku tana iya hawa kansa. Amma a nan akwai gwaje-gwajen ƙuri'a masu yawa. A 2018 Francesco D'Aiuto ya bibiyi masu ciwon suga 264 a Landan tsawon shekara, waɗanda aka yi wa cikakken maganin dasashi awonsu na HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin jini na wata uku, ya yi ƙasa da na sauran da maki 0.6. A 2022 cibiyar Cochrane, wadda aka sani da tsaurin tantancewa, ta tattara gwaji 35 masu mutum sama da 3,000, ta samu raguwar maki 0.43 bayan wata uku zuwa huɗu, da 0.30 bayan wata shida, da 0.50 bayan shekara. Mai 8.5 zai koma wajen 8.0. Wani zai raina wannan, amma raguwa ce da ta yi kusa da abin da ake samu idan aka ƙara wa majiyyaci ƙwayar magani ta biyu, kuma binciken UKPDS na Birtaniya ya danganta saukar maki 1 da raguwar kashi 37 cikin 100 na lalacewar ƙananan jijiyoyin ido da ƙoda.

Akwai gwaji ɗaya babba da ya saɓa, kuma ɓoye shi rashin adalci ne. A 2013 aka buga sakamakon gwaji mai mutum 514 a Amurka, ba a ga wani sauyi a awon suga ba, har aka dakatar da shi da wuri. Masana da dama sun amsa da cewa sugan mahalartan bai yi nisa da inda ake so ba tun farko, mafi yawansu masu ƙiba ne sosai, kuma dasashinsu ya ci gaba da jini a wurare da yawa bayan aikin. A ganina hujja ta ƙarshen ita ce mai nauyi, kuma darasinta ya wuce kare wani ra'ayi. Idan kumburi ne mahaɗi, to amfanin yana rataye ne da kashe kumburin, ba da zaman kujerar likita ba. Wankin da ya tsaya a saman haƙori ya bar kanta, wato daskararriyar dauɗa, a cikin rami ba zai taɓa awon suga ba. Batun ƙiba kuma yana tuna mana cewa baki gurbi ɗaya ne cikin gurabe masu zuba kumburi a jini, inda kitsen ciki ya rinjaya ba lalle a ga rabon baki a ma'auni ba. Taron masana na duniya da aka yi a Shikago a 2017 ya amince da wannan haɗi a aikace, inda ya sa awon HbA1c na 7.0 zuwa sama, da shan kara 10 na sigari ko fiye a rana, cikin abubuwan da ke kai majiyyaci matakin da cutarsa ta fi saurin ci.

Dashen haƙori bai fitar da mutum daga cutar ba

Per-Ingvar Brånemark na Suwidin ne ya gano cewa ƙashi yana manne wa ƙarfen titaniyam kamar jikinsa ne, kuma a 1965 ya yi wa mutum na farko dashe a Gotenbog. Nasarar aikin ta haifar da wani zato da ya yaɗu har cikin likitoci, cewa haƙorin da dasashinsa ya lalace gara a cire shi a dasa ƙarfe a huta, tunda ƙarfe ba ya ruɓewa. Gaskiya ne ba ya ruɓewa, amma naman da ke kewaye da shi yana ciwo, kuma kariyarsa ba ta kai ta haƙorin asali ba. Haƙorin asali yana da zaruruwan da suka soke cikin saiwarsa suka zama shinge, da jijiyoyin jini masu ciyar da wurin. A jikin dashe zaruruwan suna kwance ne kawai a gefen ƙarfen, jinin wurin kaɗan ne, babu abin da zai tare kumburi kafin ya isa ƙashi. Carcuac da Berglundh sun gwada naman da aka yanko daga wuraren biyu a 2014, suka ga gurbin kumburin gindin dashe ya ninka na ciwon dasashi fiye da sau biyu. A 2016 Jan Derks ya duba 'yan Suwidin 588 shekara tara bayan dashe: kashi 45 cikin 100 suna da ciwon gindin dashe tare da zaizayar ƙashi, kashi 14.5 kuma nasu ya kai matsakaici ko mai tsanani. Ya kuma nuna ciwon yakan fara ne cikin shekara uku na farko, kuma gudunsa ƙaruwa yake yi, ba tafiyar hawainiya ba. Wannan a ƙasar da ke da likitocin haƙori a wadace ke nan.

Ina matsayin wannan ciwo a lissafin kumburin jiki? A nan dole a rage murya. Hujjar da ke tafiya daga jiki zuwa dashe ta fi wadda ke tafiya daga dashe zuwa jiki ƙarfi. Wani nazari na 2017 da Alberto Monje ya jagoranta ya samu ƙarin haɗarin kusan rabi ga masu sukari sama, ko da yake taron Shikago ya ce bayanai kan suga da taba ba su yanke hukunci ba tukuna. Abubuwa uku ne taron ya ce hujjarsu ta yi ƙarfi: tarihin ciwon dasashi, rashin tsabtace dauɗa, da rashin komawa asibiti a kai a kai. Binciken da ya auna jinin masu ciwon gindin dashe kuwa ƙanana ne, mafi yawansu sun ɗauki hoton lokaci guda ne, kuma galibin abin da ake faɗa aro ne daga ilmin ciwon dasashi. Mai suka zai ƙara da cewa dashe ɗaya ko biyu faɗin gyambonsu bai kai ya motsa hanta ba, kuma ga mai dashe ɗaya a lafiyayyen baki ina ganin ya yi gaskiya. Sai dai ba shi ne majiyyacin da ke ba da tsoro ba. Wanda ake dasa wa ƙarfe shida ko takwas a muƙamuƙi, sau da yawa ciwon dasashi ne ya zubar masa da haƙora tun farko. An cire haƙoran, amma ba a cire halin garkuwarsa ba, ba a cire sugansa ko sigarinsa ba, bakteriyar ma tana nan a harshe da maƙogwaro tana jiran sabon masauki. Ba a buƙatar tabbatar da cewa ciwon gindin dashe yana taɓa zuciya kafin a gane cewa wannan mutum bai warke ba, wurin ciwonsa ne ya sauya.

Kuma maganin sabon wurin ya fi na tsohon wuya. Jikin dashe yana da zare irin na kusar murɗawa, an kuma yi masa kaushi da gangan don ƙashi ya kama, wannan kaushin ne ke hana kankara ta isa ko'ina idan ƙashi ya janye. Galibi sai an kai ga tiyata, bayan tiyata ma ciwon yakan dawo. Shi ya sa ƙa'idojin da Tarayyar Masana Dasashi ta Turai ta fitar a 2023 suka jingina nauyinsu kan shiri da bibiya. Wani bincike na Birazil a 2012 ya bibiyi mutanen da naman gindin dashensu ya fara kumburi: bayan shekara biyar, kashi 44 cikin 100 na waɗanda ba sa zuwa duba ciwonsu ya kai ƙashi, a masu zuwa kuwa kashi 18 ne. Ba a fafe gora ranar tafiya; dasashin sauran haƙora, da awon suga, da batun sigari, duk kafin ranar dashe ake gama da su.

Abin da ya shafe mu

Kusan duk alƙaluman da na kawo daga Turai da Amurka suke, kuma akwai dalilan da suka sa bai kamata a kwafo su kai tsaye ba. Wani nau'in bakteriyar Aggregatibacter actinomycetemcomitans mai suna JP2, wanda gubarsa ta fi ta sauran yawa, an fi samunsa a mutanen arewaci da yammacin Afirka, kuma binciken da aka buga a 2008 kan matasan Maroko ya nuna masu ɗauke da shi sun fi saurin rasa abin da ke riƙe haƙoransu ninkin ba ninkin, an kuma same shi a matasan Gana. Sannan ma'aunin CRP da ake dogaro da shi a Landan ba zai faɗi magana ɗaya ba a Kano ko Damagaram, inda zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka da amosanin jini ke ɗaga shi ba ruwansu da baki. Awon HbA1c shi ma yana iya yaudara a jinin mai sikila ko mai ƙarancin jini. Duk wanda zai yi wannan bincike a asibitocin koyarwa na Kano ko Zariya ko Maiduguri ko Yamai sai ya shigar da waɗannan cikin tsarinsa tun daga tushe, kuma gwajin maganin dasashi a kan masu ciwon suga abu ne da ba ya buƙatar na'ura mai tsada.

Amma aiki ba sai ya jira binciken ba, domin abin da ake nema ba cire haƙori ba ne irin na zamanin Hunter, magani ne da ke ceton haƙori ko da bai taɓa suga ba. Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba. Mutum mai shekara arba'in da ya zo da dasashi mai mugunya da haƙora masu girgiɗa ya cancanci a soki yatsarsa a auna suga kafin ya tashi daga kujera. A asibitin masu ciwon suga kuma, ma'aikaciyar jinyar da ke duba ƙafa za ta iya tambaya ko baki yana jini, ta ɗaga leɓe ta duba, ta rubuta takardar turawa. Likitocin haƙori kaɗan ne kuma sun taru a birane, don haka kankare kanta aiki ne da ya kamata a ƙarfafa masu taimaka musu da aka horar su riƙa yi. Aswaki yana cire dauɗa idan an yi shi da kyau, babu dalilin raina shi, amma ba ya shiga tsakanin turamen haƙori, ba ya kuma ɓamɓare kantar da ta riga ta daskare.

Dashe kuwa ya fara samuwa a manyan biranenmu, masu hali kuma suna zuwa Masar da Indiya da Turkiyya da Dubai a yi musu. Matsalar mai tafiya ita ce yakan dawo da haƙora masu kyau ba tare da takarda ko ɗaya ba. Ma'anar ciwon gindin dashe da aka amince da ita a 2017 ta dogara ne kan kwatanta hoton ƙashi na yau da wanda aka ɗauka lokacin da aka ɗora haƙorin. Idan babu hoton farko, likita ba zai iya yanke hukunci ba sai rami ya kai milimita 6 kuma ƙashi ya janye milimita 3, wato sai ɓarna ta yi nisa. Don haka duk wanda aka yi wa dashe, a gida ko a waje, haƙƙinsa ne a ba shi hoton ƙashin ranar da aka gama aikin, da awon zurfin naman da ke kewaye da kowane ƙarfe, da sunan kamfanin da ya ƙera dashen da lambarsa, domin kowane kamfani da irin makullin da ke kwance nasa. Kafin mai tafiya ya hau jirgi kuma ya san likitan da zai riƙa duba shi a gida duk bayan wata uku zuwa shida, idan kuwa mai ciwon suga ne, a rubuta awonsa na HbA1c a katin da ke ɗauke da wannan hoto.